Yadda ake jan mota mai fowil a bayan motar gida ba tare da an ƙona mata giya ba

Babbar matsalar motar da ake ja a baya ita ce ba ta da baki. In kana cikin mota kana tuƙi wani abu ya fara lalacewa, ko ka ji ƙara, ko ƙauri ya bugi hancinka, ko fitila ta kama a dashbod, to amma wadda ke ɗaure a bayan motar gida babu kowa a cikinta, injinta a kashe, tsakaninka da ita kusan mita 10, ga ita kanta motar gidan da ƙarfin tsiya ba ta ma san tana jan wani abu ba, sai ka yi kilomita 100 kana jin rediyo hankalinka kwance alhali giyabos na can baya yana dahuwa. Shi ya sa duk aikin nan kafin a tashi ake yinsa, in an hau titi kam sai dai a ga sakamako.

Ga wanda bai san ta ba, motar gida ita ce babbar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda aka fi yawo da ita a Amurka da Kanada da Turai da Ostireliya. In mutum ya isa inda zai yada zango ya kafa ta, ya jona wuta da ruwa, ba zai so ya sake tayar da ita don ɗan zuwa kanti ko shiga daji ba, shi ya sa ake jan ƙaramar mota a baya, kuma da yawa fowil suke so, wato mai jan taya huɗu.

Da farko, motarka ta yarda a ja ta?

Hanyoyin ja uku ne. Ko ka ɗora ta gaba ɗaya a kan tirela tayoyi huɗu duk a sama, ko ka ɗora tayoyin gaba kaɗai a kan ƴar tirelar nan mai taya biyu da ake kira doli, ko kuma ka ja ta a ƙasa tayoyi huɗu na gara titi da sandar ja. Tirela ba ta da rigima da kowace irin mota, matsalarta nauyi da kuma inda za ka ajiye ta in ka sauka. Doli kuwa ga fowil gara ka cire shi daga lissafi tun yanzu, don tayoyin gaba da na baya a haɗe suke ta cikin akwatin fowil mai raba musu ƙarfi, in biyu na tsaye cak biyu na gudu to abin da ke tsakaninsu shi zai sha wahala, musamman irin motocin da kullum tayoyi huɗu ke ja kuma babu yadda za a raba su. Sai dai in an kwance farfelar baya, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, wannan kuma zan zo kansa.

Saura ja a ƙasa, shi ne abin da yawancin mutane ke nufi, kuma shi ne ke ƙona giya. Dalilin kuwa mai ne kawai. Giyabos na otomatik yana da famfon da ke zagaya da mai cikinsa, kuma injin mota ne ke juya famfon. Ka kashe inji famfo ya tsaya. Kana jan motar kuwa tayoyi na juya farfela, farfela na juya ƙarafan cikin giyabos, ko da ka sa ta a firi, sai su yi ta gogar juna a bushe, zafi na taruwa babu mai sanyaya shi. Mutane na cewa ai na sa ta a N, to N ɗin giyabos raba inji yake da taya, bai hana cikin giyabos juyawa ba. Hatta manuwal ba duka ce ta tsira ba, don haƙoran da ke watsa mai a cikinta daga ɓangaren inji suke samun juyi, in inji a kashe yake ba sa watsa komai, sai boris ɗin sama ya bushe.

Abin da ke ceton fowil shi ne akwatin nan na biyu da ke bayan giyabos, mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, wanda makanikai kan ce wa tiransifa kes. Duba ƙaramar libar ko maɓallin, za ka ga 2H (jan taya biyu) da 4H (jan taya huɗu) da 4L (jan taya huɗu a ƙaramin gudu mai ƙarfi), in ka yi sa'a akwai N a tsakani. Wannan N ɗin shi ne ginshiƙin komai, don shi ke yanke giyabos daga farfela kwata-kwata, tayoyi su yi ta gudunsu giyabos na kwance. Kuma a motocin da aka ƙera don a ja su, shi akwatin yana iya shafa wa kansa mai, don famfonsa a kan shaf ɗin da ke fita zuwa baya yake, yana juyawa ne da juyin taya ba da inji ba.

To amma ganin N bai isa ba. Ɗauko littafin motar, na shekararta takamaimai, ka nemi babin da ya yi magana a kan jan mota a bayan motar gida, kar ka ruɗe da babin jan gaggawa in mota ta lalace a hanya, wancan ɗan gajeren nisa ne a hankali, ba tafiyar yini guda ba. Jeep Wrangler ta yi suna a wannan harka don kamfanin ya yarda a ja ta, da otomatik da manuwal. Ford F-150 mai fowil ma akwai shekarun da take da tsarin ja da ake kunnawa daga allon dashbod, haka manyan motocin Chevrolet masu akwatin fowil mai gudu biyu. Ita kuwa Toyota 4Runner duk ƙarfinta a daji littafinta cewa yake kar a ja ta haka. Kuma suna ɗaya ba ya nufin ciki ɗaya, mota iri ɗaya shekara ɗaya sai ka ga wata an sa mata akwati mai N wata babu, saboda haka zancen "ai abokina yana jan tasa" ba hujja ba ce. In littafi ya ce a'a kuma ka ja, garanti ba zai biya ɓarnar ba, gyara daga aljihunka.

In taka ba ta cikin waɗanda aka yarda, akwai dabaru. Ana sa famfon lantarki da zai riƙa zagaya man giya yayin ja, ana sa wani makunni a farfela da ke raba ta da agzul in ka ja waya, ko kuma ka shiga ƙarƙashi da sifana ka kwance farfela da hannunka, in mai jan huɗu kullum ce to gaba da baya duka. In za ka kwance, sa alama da fenti a bakin haɗin don ta koma yadda take, in ba haka ba sai ta dawo tana kaɗawa. Ni dai ra'ayina, famfon nan in ya mutu a hanya giya ta tafi ke nan, kwance farfela kuma a kowane zango wahala ce da za ka gaji da ita a sati guda, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka nemi tirela kawai.

Lissafin nauyi

Wannan ba ya ɗaukar lokaci amma shi aka fi tsallakewa. A jikin motar gida, galibi kusa da kujerar direba, akwai takarda mai lambobi. GVWR shi ne iyakar nauyin motar gidan ita kaɗai da duk abin da ke cikinta. GCWR shi ne iyakar nauyinta haɗe da abin da take ja. Ka loda ta yadda za ka yi tafiya, da ruwa da mai da mutane da kaya, ka hau sikelin manyan motoci, abin da ya fito ka cire shi daga GCWR, ragowar shi ne abin da za ka iya ja. A ce GCWR kilo 11,800 ne, sikeli ya nuna 9,700, saura 2,100 ke nan. Sannan ka duba maƙalar ja da ke bayan motar gidan, ita ma da tata lambar, da yawa fam 5,000 ne wato wajen kilo 2,270, manya masu dizal kan kai ninkin haka. Sandar ja ma da tata. Mafi ƙanƙanta a cikin lambobin nan uku ita ce taka. Wrangler mai ƙofa huɗu kusan tan 2 take tun ba a ƙara mata komai ba, ka sa mata manyan tayoyi da bamba ta ƙarfe da injin jan waya a gaba, ka kuma mayar da ita sito ka cika ta da kaya, sai ka ga ka wuce iyaka ba ka sani ba. Ita ma a auna ta.

Kayan aiki

Na farko faranti ne na ƙarfe da ake ɗaurewa a shasin motar da za a ja, kowace mota da nata, kuma a shasi ake ɗaure shi ba a jikin bamba ba, ba kuma a ƙugiyoyin nan na fitar da mota daga taɓo ba. A ɗaure notinsa da ma'aunin ƙarfi yadda takardarsa ta ce, a sa masa gam ɗin hana kwancewa, don girgizar titi tana warware noti a hankali.

Na biyu sandar ja, mai hannu biyu kamar harafin A. Akwai sandararriya mai araha wadda sai ka saita mota daidai kamar mai zura zare a allura, akwai kuma mai hannuwan da ke shiga suna fita su kulle kansu in an ja, wannan mutum ɗaya ma zai iya haɗa ta. Abin lura a nan shi ne tsayi. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar maƙalar motar gida, auna daga ƙasa zuwa inda sanda ke kama farantin, bambancin kar ya wuce inci 3, wajen santimita 7 da rabi. In ya wuce, duk lokacin da ka taka birki motar baya ƙoƙari take ta hau sandar ko ta kutsa ƙarƙashinta, haka ake lanƙwasa sanda a tsage faranti. Fowil da aka ɗaga ta fi shiga wannan matsalar, kuma maganin mai sauƙi ne, akwai mahaɗin da ke ɗaga maƙala ko ya sauke ta, sai dai ka duba shi ma nauyin da yake ɗauka.

Na uku wayoyin ƙarfe ko sarƙoƙi biyu na ko-ta-kwana. A gicciye ake sa su ƙarƙashin sandar, na dama ya tafi hagu na hagu ya tafi dama, don in sanda ta saki su tallabe ta kar bakinta ya soki kwalta. A bar musu sassauci daidai shan kwana, ba mai jan ƙasa ba.

Na huɗu fitilu. Dole na baya ya ga birki da sigina da fitilar dare a jikin motar da ake ja, tunda ta rufe na motar gida. Ko a jona da fitilunta ta hanyar diyod mai hana wuta komawa cikin kwamfutar motar, ko a huda a sa wasu ƙwayaye daban, ko ka sayi fitilu masu mayen ƙarfe ka manna. In za ka yi na mannawa ka gwada tukuna, wasu motocin jikinsu alminiyom ne ko roba, ba ya kamawa.

Na biyar birki, kuma a nan mutane ke son tsuke aljihu. Tan 2 na tura ka daga baya a gangare ba wasa ba ne, nisan tsayawarka zai ƙaru, birkin motar gida zai yi zafi. Doka ma ta shigo ciki, a Amurka kowace jiha da iyakarta, da dama daga fam 3,000 suke cewa sai da birki, wasu ƙasa da haka. A Ingila motar da ake ja da irin wannan sanda tirela ake ɗaukarta, in ta wuce kilo 750 dole birkinta ya yi aiki, kuma akwai ƙasashen Turai irin su Sifen da Jamus da ba sa karɓar wannan jan ma sam, to in za ka tsallaka iyaka ka bincika tun kana gida. Na'urar birkin iri biyu ce, akwai akwatin da ake ajiyewa gaban kujerar direba yana da hannu mai taka birki, akwai wadda ake girkawa dindindin ba ka ganinta. Kowace ka ɗauka ta zo da makunnin tsinkewa, wata ƴar waya ce da ake maƙalawa jikin motar gida, in motar ta ɓalle sai wayar ta zare fin, birki ya kama da kansa. Wannan wayar a jikin motar gida za ka maƙala ta, ba a kan sandar ja ba, in ba haka ba ranar da sanda ta fita tare za su tafi.

Haɗawa

Nemi shimfiɗaɗɗen wuri, ba tudu ba gangare. Motar gida a P da hambirki. Ka matso da ƙaramar a miƙe a bayanta, ka ja mata hambirki ka fito. Sa hannuwan sanda a faranti, zura fin, sa ƴar maƙalar da ke hana fin zarewa, kuma ka taɓa kowacce da hannunka, kar ka wadatu da kallo. Sai wayoyin ƙarfe, sai wayar wuta, sai wayar tsinkewa. Wata shawara, in kana wannan aikin wani ya zo yana maka hira, ka dakata har ya gama sannan ka koma farko, yawancin fin da aka manta a tsakiyar hira aka manta shi.

Yanzu ka shiga ciki don N. Tsarin ya ɗan bambanta daga mota zuwa mota, littafinka shi ne alƙali, amma ga yadda yake a masu liba irin Wrangler. Taka birki ka riƙe. Sa giyabos a N, in manuwal ce taka kuloci. Kashe inji. Ja ƙaramar libar zuwa N, wani lokacin tana tauri, kar ka yi mata dukan kawo wuƙa, ka ɗan bar motar ta motsa kaɗan sai ta faɗa. Daga nan ka tayar da inji ka sa ribas, ka saki birki a hankali, in manuwal ce har da kuloci, ƙafarka na shirye, ka ƙirga daƙiƙa 5. Mota ba ta motsa ba? Madalla. Sa D ko giya ta ɗaya ka maimaita. In ta yi ko ɗan yunƙuri to ba ta shiga N ba, komai fitilar dashbod ta ce. Ka kashe inji, sai bayan ya mutu sannan ka sa otomatik a P, manuwal kuma ka bar ta cikin giya, ba firi ba. Kar ka sa P inji na aiki akwati na N, don cikin giyabos na juyawa a lokacin, za ka ji wani gurrr da ba za ka so ji ba.

Na san wannan yana ɗaure wa mutane kai, ya za a ja mota tana P? Ai tunda akwatin fowil ya yanke haɗin, P ba ta riƙe taya. Amfaninta shi ne ta riƙe cikin giyabos ya tsaya cak, don ko a N man da ke cikin akwatin yana ɗan jan shaf ɗin giyabos ya juya shi a hankali, a bushe kuma, na tsawon awanni. Amma ka kula, wasu motocin littafinsu N ya ce a bar giyabos ɗin, musamman masu tsarin ja na lantarki, kar ka ɗauki na wata ka yi wa wata. Masu maɓalli kuwa galibi sai ka danna wani ɗan ƙaramin maɓalli da bakin biro ka riƙe na wasu daƙiƙu, ko ka bi ta allon dashbod, har fitilar N ta daina ƙiftawa ta tsaya. Su ma ka yi musu gwajin ribas da D ɗin nan.

Ga dalilin da ya sa nake nanata gwajin. A libar, N tana maƙwabtaka da 4L, ɗan wucewa kaɗan ka faɗa can. A ce manuwal ce ka bar ta a giya ɗaya kamar yadda aka ce, amma akwati na 4L. Taya mai inci 33 a gudun kilomita 90 tana juyi wajen 570 a minti. Agzul ya ninka sau 4, 4L a wasu motocin ya ninka sau 4, giya ɗaya ta ninka sau 5, ka lissafa, sama da juyi 45,000 a minti ake tilasta wa injin da iyakarsa ba ta wuce 6,000 da ɗoriya ba. Ba bugawa zai yi ba, tarwatsewa zai yi, da kuloci da murfin giyabos duk su watse a titi, kai kuma a gaba sai dai ka ji kamar motar ta ɗan yi nauyi.

In tsohuwar fowil ce mai hob ɗin da ake murɗawa da hannu a tayoyin gaba, mayar da su biyun kan FREE.

Sai sitiyari. Dole ya zama a sake, don tayoyin gaba su riƙa bin kwana da kansu. Mai kulle sitiyari in an zare makulli sai ka bar makullin a ciki a wurin da sitiyari ya buɗe amma inji bai tashi ba, ka murɗa shi dama da hagu da hannunka ka tabbatar. In ya kulle a hanya, shan kwana sau biyu uku ya isa ya cinye tayoyin gaba. To barin makulli kuma yana shan batir, shi ya sa wasu littattafan ke cewa a cire fiyus kaza ko a cire kan batir, sai dai ka tuna akwatin birkin nan wuta yake so, in ka cire batir ka kashe shi. Mafita mafi kyau a jawo wayar caji daga motar gida. Wasu masu sitiyarin lantarki ma sai an bar masa wuta, in babu sai gaban motar ya kama rawa dama da hagu da ƙarfi bayan an taka rami, in ka ga haka a kyamarar baya tsayawa cak kaɗai ke kashe ta.

Akwatin birki, in irin na ajiyewa ne, ka daidaita kujera ta tokare shi ba tare da hannunsa ya danne birkin ba. Ka bar shi ya taka sau da yawa inji a kashe don iskar da ta rage a busta, wato abin da ke ƙara wa birki ƙarfi, ta ƙare, in ba haka ba takun farko zai yi ƙarfi har tayoyi su ja ƙasa.

Na ƙarshe, saki hambirki. Ni kaina na taɓa tashi da shi a ɗaure, ban fi kilomita 3 ba wani mai babur ya yi ta nuna min baya, ko da na sauka tayoyin baya hayaƙi suke, ƙauri kamar an ƙona roba, hannu ba ya iya kusantar wil, sai da na canza takalman birki gaba ɗaya. Tun ranar na rubuta jerin nan a kwali na rataye a sitiyarinta. Masu hambirkin lantarki su duba saitin da ke ɗaure shi da kansa in an sa P ko an buɗe ƙofa, a kashe shi. Kuma ka sani daga wannan lokacin motar nan babu abin da ke riƙe da ita sai sanda, P ɗin nan ado ce.

A kan titi

Ka ja a hankali mita kaɗan har hannuwan sanda biyu su miƙe su kulle, in da wanda kuke tare ya tsaya a gefe ya ga tayoyi huɗu na juyawa, na gaba na bin kwana, ya duba birki da sigina. Bayan kilomita 10 ko 15 ka tsaya ka zagaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane wil, ɗumi ba komai, zafi mai ƙuna kuwa birki na riƙewa. Haka za ka yi a duk tsayawa, har da fin, don a wuraren hutawa ana samun masu hannun banza, fin mai kwaɗo ya fi.

Ribas babu shi. Ko mita 1 ne kar ka ce bari in ɗan gwada, tayoyin gaban motar an saita su ne su miƙe in ana jan su gaba, da ka tura su baya sai su karye gefe guda har ƙarshe, sanda ta lanƙwashe ko ƙafar sitiyari ta tafi. In ka shiga lungun da ba fita, ka sauka ka kwance, minti 5 ne. Shi ya sa tun kafin ka shiga gidan mai kake duba ta ina za ka fita.

Gudu kuma littafi ya faɗa, da yawa mil 65 ne iyaka wato wajen kilomita 105, wasu ƙasa da haka, in dokar wurin ta fi tsanani ita za ka bi, misali a Ingila mai jan tirela mil 60 ne a babbar hanya. Kwana ka sha ta da faɗi, kar ka murɗe sitiyari har ƙarshe daga tsaye don gindin motar gida yana fita gefe ya ja ta baya ta ɓarayin da ba shi ba. A gangare ka sauko da giya, kar ka kwanta kan birki. Wasu motocin littafinsu ya ce bayan awa kaza ko nisa kaza a tsaya a tayar da inji na ƴan mintuna don mai ya zagaya, ka yi, sannan ka sake bin jerin daga farko kamar yanzu ka haɗa. Kyamarar baya ta zauna a kunne, in da hali ka sa na'urar auna iskar taya a tayoyin motar baya, don in tayarta ta fashe ba za ka ji ba, za ka yi ta jan wil a kwalta yana tartsatsi har wuta ta iya tashi. Tsakuwar da tayoyin motar gida ke watsowa tana cin fenti da gilashi da lagireto, akwai garkuwar da ake sawa a kan sanda. Kuma ko mitar nisa ba ta ƙirga ba, wanda a yawancin sababbin motoci ba ta ƙirgawa in makulli a kashe yake, tayoyi da boris sun yi tafiyar, ka riƙa rubuta nisan don lokacin sabis.

Kwancewa

Nan ma shimfiɗaɗɗen wuri, motocin biyu a miƙe. Kafin ka taɓa fin ko ɗaya, shiga ka ja hambirki. Mutane sun sha zare fin mota ta gangaro ta matse su a tsakani, ko ta yi baya da kanta suna kallo, don sun ga P sun manta akwati na N. Cire akwatin birki, mayar da fiyus ko kan batir. Taka birki, giyabos a N, mayar da libar 2H, inji a kashe don kar ta yi gurnani, mai hob kuma ya bar su yadda yake tuƙi. Tayar da inji ka bar shi ya ɗan yi aiki, ka taka birki sau biyu uku ka ji ya dawo da laushinsa. Sai wayar wuta, wayar tsinkewa, wayoyin ƙarfe, fin a ƙarshe. In fin ya ƙi fita to sanda a ɗaure take da nauyi, kar ka ɗauko guduma, ja ƴar libar sakin da ke hannun sandar, ko wani ya shiga ya ɗan murɗa sitiyari ko ya matso da motar ɗan yatsa guda, kai kuma ka tsaya a gefe ba a tsakani ba, sai ka ga ya zare da yatsu biyu. Ka naɗe sandar ka kulle ta, ka leƙa ƙarƙashin motar ko akwai ɗigon mai, sannan ka ɗan zaga da ita a hankali tagogi a buɗe kana saurare kafin ka hau babban titi.